Mai digiri a wani fanni da ke son komawa saikoloji: wace hanya ce ba asara?

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutu. Kimiyyar sinadarai ta karanta, ta gama hidimar ƙasa, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Unguwar Rogo. Ranar Asabar sai ga ta da waya a hannu: "Yaya, duba wannan. Wata uku kacal, kuma ta intanet." Tallan wani kwas na saikoloji ne. Ko ban karanta shi ba na san abin da ke ciki, domin irinsa ya taɓa cinye mini kuɗi. Ba ita kaɗai ba ce. Akantoci, malaman makaranta da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji na yawan tare ni da tambayar yadda za su koma ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji. To bari in baje hanyoyin a faifai.

Ni ta PGD na bi, kuma ita zan ce ku bi. Difloma ce ta bayan digiri, gada tsakanin digirin da ke hannunka da mastas. Galibi zango biyu ce, shekara guda idan yajin aiki bai gitta ba. Wanda ya ga na ASUU na 2022, mai wata 8, ya san me nake nufi. Ana neman shaidar digirinka na farko, takardar NYSC ko ta yafewa, kiredit 5 har da Turanci da Lissafi, sai tiranskirif, wato takardar makin darussanka, daga tsohuwar jami'arka. Wannan na ƙarshen ku fara bin sa tun kafin a buɗe sayar da fom, shi ne ke tsufar da mutum.

Abin da ya sa na fifita ta shi ne tana fasa maka ƙwai tun da wuri. Yawancinmu mun shigo ne da tunanin za a koya mana karanta zuciyar mutum daga kallon fuskarsa. Lakcarmu ta farko, safiya ce ta hunturun Jos, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, sai wani dattijon malami ya shigo ya cika allo da alƙaluma bai ce da kowa kanzil ba. Wata baiwar Allah da ta karanta shari'a ta ɗaga hannu: "Allah ya gafarta Malam, ni fa lissafi na gudo wa." Ya share allin hannunsa a gefen wando ya ce, "'Yata, to kin gudo gidansu." Haka ne kuwa. Akwai Pavlov da karnukansa, wato gwajin yadda ake koyon ɗabi'a, akwai Piaget da matakan girman tunanin yaro, akwai aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, amma ƙashin bayan abin ƙididdiga ce da dabarun bincike, da zama gaban manhajar ƙididdiga ta SPSS har ido ya yi ja. In za ka iya, shekarar za ta nuna maka. In ba za ka iya ba, shekara ɗaya ka rasa, ba uku ba.

Sannan tana da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. A nan Jos, jami'ar da ta fara a 1971 a matsayin reshen ta Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana da sashen saikoloji a Naraguta. Jami'ar jiha da ke Bokkos ma tana da nata. Mutanen Abuja da yawa Keffi suke nufa, Jami'ar Jihar Nasarawa, in za su jure cunkoson Nyanya da Mararaba. Ku je da ƙafarku, kada ku dogara da abin da aka ce an ce. Ku tambayi jami'in da ke kula da karatun gaba da digiri a sashen: bana ana ɗaukar PGD? Wane maki ake so kafin a wuce mastas? Sai babbar tambaya: mastas ɗin ɓangaren asibiti yana karɓar mai PGD? Wasu sassan sun fi son wanda digirinsa na farko saikoloji ne, kuma gara ka ji haka a tsaye a ofis da ka ji bayan ka biya kuɗin makaranta.

Hanya ta biyu ita ce sabon digiri ta DE, wato shiga kai tsaye: ka yanki fom ɗin JAMB, ka shiga aji biyu, shekara 3 kana layin rajista da sa'o'in ƙannenka. Ba zan ce ka bi ta ba sai dai in kana da ƙuruciya, babu iyali a wuyanka, kuma aikin asibiti ka ƙwallafa wa rai. Kwas ɗin jagoranci da ba da shawara na tsangayar ilimi yana da kyau ga malamin da zai zauna a makaranta, amma kada a ce maka shi ne saikoloji. Ingila na da mastas na sauya fanni na shekara guda wanda BPS, ƙungiyar masana saikoloji ta Birtaniya, ke amincewa da shi, amma da fam ake biya, kuma ko a can bai isa ya sa ka duba maras lafiya ba. Mai hali ya je, mu dai sai addu'a.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Ina da digirin tattalin arziki, ina aiki da wata ƙungiya mai taimaka wa waɗanda rikici ya raba da gidajensu, sai na ga tallan wata "cibiya" a Facebook. Kwana 3 a ɗakin taron wani otal a Abuja, da shayi da cincin, ranar ƙarshe aka saka mana alkyabba da hula mai tuntu, aka ɗauki hoto. Albashina na wata biyu ya tafi. Da na kai satifiket ɗin, mai zanen zinare a gefe, wajen neman gurbin mastas, jami'in ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini da hannu biyu: "Ɗan'uwa, wannan a falo ake rataye shi." Har yau yana ƙasan akwati, ko matata ba na so ta ɗauko.

Alamominsu ba sa ɓuya. Asusun da za ka tura kuɗi da sunan mutum ne, ba na makaranta ba. Ba sa tambayar tiranskirif, ko digirinka ba sa son gani. Komai a WhatsApp. Suna iƙirarin haɗin gwiwa da wata jami'ar Amurka da ba ta da ko mai gadi. Idan ka yi jinkiri sai a kira ka a ce saura gurbi biyu. Wasu har da tayin "Dakta" na girmamawa in ka ƙara wani abu. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana wallafa sunayen jami'o'in da ta amince da su, tana kuma fitar da na haramtattu. Minti biyar ya ishe ka dubawa. Wanda ke hangen Kwatano kuma ya tuna ɗan jarida Umar Audu da ya samo digiri cikin mako 6, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Gajerun darussan Coursera, dandalin karatu ta intanet, ba su cikin wannan sahu, domin ba sa ce maka takardarsu digiri ce. Ku yi su don ɗanɗano.

Abin ya wuce asarar kuɗi. Tun da aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, maganar ta samu kasuwa, 'yan damfara kuma kasuwa suke bi. Cikin waɗanda muka sha shayin otal tare akwai wanda ya buga kati ya buɗe ofis. Ku ɗauka uwa ta kawo masa ɗanta da ya daina barci, yana jin muryoyi. Masanin saikoloji na gaske ba ya rubuta magani, kuma ya san lokacin da zai ce a tafi wajen likitan ƙwaƙwalwa a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Na kwana uku me zai ce mata?

Na sa ƙanwata ta tura wa mai tallan tambaya ɗaya: wace jami'a ce za ta karɓi takardarku a mastas? Ya amsa da cewa ya rage mata dubu 20. Ta sake tambaya, ya toshe lambarta. Litinin za mu hau Keke zuwa Naraguta, na ce ta taho da fotokwafin takardunta da rigar sanyi.