Samsung 870 EVO da Linux Mint a cikin tsohuwar ThinkPad T430: yadda na same su

Duk mai tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da ke shirin rabuwa da ita saboda nauyi, ina roƙonsa ya fara duba faifan ajiyarta tukuna. Tawa ThinkPad T430 ce, ƙirar 2012, ta hannu na saye ta, kuma da ita nake buga tambayoyin jarrabawa da sauran takardun makaranta. Ta kai matsayin da in na kunna ta sai na yi alwala na dawo ba ta gama tashi ba. Daga baya ta fara wata 'yar ƙara daga ciki, ƙas, ƙas, sannan ta daskare. Wannan ƙarar ba ta wasa ba ce. Faifan HDD, wato tsohon nau'in faifan ajiya, irin nawa na da faranti mai juyi sau 5,400 a minti ɗaya, da wata allura da ke yawo a samansa tana karanta bayanai, kuma in allurar ta fara wannan kuka to faifan na ban kwana. A ranar na kwashe takarduna da hotuna zuwa wani wuri, kafin a yi maganar saye ko gyara.

Abin da na saya shi ne Samsung 870 EVO mai gigabait 500, wanda ya fito a farkon 2021. SSD ne, wato sabon nau'in faifan ajiya, ba abin da ke juyawa a cikinsa. Kamfanin ya rubuta cewa yana karanta megabait 560 a daƙiƙa, yana rubuta 530, alhali irin tsohon faifaina da ƙyar yake wuce 100. Garantin shekara 5 ne, ko rubutun terabait 300, duk wanda ya riga zuwa. Mai buga takardu irina ba zai ƙure wannan adadi ba.

Wajen saye ne na fi taka-tsantsan, domin jabun wannan samfurin sun yi yawa a kasuwa, kwalinsu kuma kamar na gaske. Wani mai shago ya miƙo mini guda da arhar da ta sa na tsargu, na ce a jona shi a gwada a gabana, sai ya fara kame-kame, ni kuwa na yi gaba. A inda na saya, an jona shi a kwamfutar shagon, aka buɗe Samsung Magician, manhajar kamfanin da ke tantance na gaske, ta amince da shi, sannan na biya. Kada kuma hankalinka ya tashi in ka ga Windows na nuna gigabait 465 maimakon 500. Bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙera faifai da kwamfuta, ba ha'inci ba ne.

Sa shi bai kai wahalar da ake zato ba, kuma a nan dole in yaba wa ƙirar T430. Na kashe ta, na zare caja, na cire batir. Noti ɗaya ne ke riƙe da murfin ɗakin faifan. Da na kwance shi sai ga wani ɗan harshe na leda, na ja, faifan ya fito cikin 'yar ragarsa ta ƙarfe da robobi biyu a gefe. Na kwance notina huɗu, na mai da ragar jikin sabon. Abu ɗaya da za a lura da shi: tsohon faifan kaurinsa milimita 9.5 ne, sabon kuwa bai wuce 7 ba, don haka yana ɗan wasa a cikin ɗakin. Sai na yi masa 'yar matashiya da siririn kwali har bakinsa ya daidaita da mahaɗin SATA ya shige ba tare da an tilasta masa ba. Tsohon kuma na sa shi a gidan faifai mai USB, ina ɗauko abin da ya rage.

Babbar manhaja ce ta fi cin tunanina. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0, wani guntun tsaro a cikin kwamfuta, da injin sarrafa bayanai na Intel zubi na 8 zuwa sama, nawa i5 ne zubi na 3. Masu gyara na da dabarar tsallake wannan sharaɗi, amma ban so in ɗora aikin da nake ci da shi a kan dabara ba. Sai na zaɓi Linux Mint 22, babbar manhajar da ke maye gurbin Windows, wadda ta fito a 2024, aka gina ta a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da sabunta tsaronta har 2029. Kyauta ce, ba maganar lasisi.

Saukar da ita ya ci mini data kusan gigabait 3. Na yi amfani da manhajar Rufus a kwamfutar wani abokin aiki na zuba ta a filash mai gigabait 8. Na kunna tawa ina danna F12 na zaɓi filash ɗin. Abin da ya fi burge ni shi ne Mint na tashi daga filash ka gwada ta kafin ka girka komai. A nan na tabbatar Wi-Fi na kamawa, sauti na fita, kyamara na aiki. Sannan na danna girkawa, na sa alama a gurbin manhajojin sauti da bidiyo, na bar mata faifan gaba ɗaya. Kafin in gama shan shayi ta kammala.

Yanzu ba ta kai rabin minti ta tashi. LibreOffice, manhajar buga takardu, na buɗewa kusan nan take, ƙarar nan ta ɗauke, zafin da ke dukan tafin hannuna ya ragu, batir ma ya ɗan ƙara jimawa in an ɗauke wuta. Na kuma samu tsarin madannai na Hausa a cikin saitunanta, ina buga ɓ da ɗ da ƙ ba tare da na je kwafo su daga wani wuri ba. Ga wanda ke buga jarrabawar Hausa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai ba kowa zan ba shawarar ya bi ni zuwa Linux ba. Microsoft Office da CorelDRAW ba su da zubin Linux, don haka mai shagon buga katin biki da kalanda ya tsaya a Windows ɗinsa, ya canja faifan kawai, zai ga bambancin. Ni ma takardar da zan aika wa mai Word, in tana da jadawali da yawa, nakan mai da ita PDF don ta isa yadda na tsara ta. Sannan SSD ba ya ƙara wa inji ƙarfi. Tace bidiyo mai nauyi har yanzu yana wahalar da ita, domin injin na 2012 ne.

Wani abin da nake jin tsoro shi ne SSD ba ya kuka kafin ya mutu kamar yadda tsohon ya yi mini. Shi ya sa na kunna Timeshift don ajiye hoton tsarin manhajar, takarduna kuma nake kwafe su a faifan waje duk ƙarshen mako. Kafin ka je kasuwa kuma, ka duba irin mahaɗin da kwamfutarka ke da shi. Wannan faifan na inci 2.5 ne mai SATA, yawancin sababbin sirarran kwamfutoci kuwa M.2 suke ɗauka, ɗan siriri kamar ƙaramar rula, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya.