Gwajin jinin da ke nuna halin zuciya: saƙo daga Ingila

Yaya, ina gaisuwa, a gaida min su Inna. Ka ce in ba ka labarin yadda ake duba masu raunin zuciya a nan Ingila, tunda ciwon da ke damuna shi ne ke damun Baba.

A nan daga wani gwajin jini ake farawa, sunansa NT-proBNP. Idan zuciya ta gaji, jini ya taru a cikinta har bangonta ya miƙe, sai ta riƙa sakin wannan sinadari, iya wahalarta iya yawansa. Ƙa'idarsu a rubuce take. In ya haura 2,000, cikin mako 2 za a haɗa ka da likitan zuciya a ɗauki hotonta. Tsakanin 400 da 2,000, cikin mako 6. Ƙasa da 400 kuwa da wuya a ce zuciya ce, sai a nemi dalilin hakin a wani wuri. Ba sai ka san kowa ba, kuma ko sisi ba ka biya. Ganin likitan unguwa ne dai sai da haƙuri, ka buga waya da sassafe a ce maka layi ya cika. Ta wannan fannin kam gida ya fi sauƙi, in da kuɗi a hannu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne lambar tana hango gaba. Wanda aka sallama daga asibiti tasa ba ta sauko ba, shi ya fi haɗarin komawa gado ko rasa rai, don haka an fi sa masa ido. Mu a gida sai ƙafa ta kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine, sannan a ɗauko shi. Ba a karanta lambar ita kaɗai fa: tsufa, ciwon ƙoda da hargitsewar bugun zuciya na ɗaga ta, ƙiba kuma na sauke ta.

Nas ɗin da ke kula da ni tana auna ƙoda da sinadarin fotasiyam duk lokacin da aka sauya min magani, musamman spironolactone, wani maganin zuciya mai fitar da ruwa daga jiki. An duba ƙarfen jinina ma, da aka ga ya yi ƙasa aka ƙara min ta jijiya. Nas ɗin ce ta sa na ajiye sikeli a bakin banɗaki, ina hawa kowace safiya kafin karin kumallo. In na ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, in kira ta.

Don Allah, Yaya, ka tambayi likitan Baba inda ake wannan gwajin a wajenku, a haɗa da na ƙoda, zan turo kuɗin. A saya masa sikeli, a rage gishiri da dunƙule a miyarsa, kanwa kuma a daina sa masa. Takardar sakamakon na fitowa ka ɗauko hotonta ka turo min ta WhatsApp.