Fosam, fobol ko ɗaya-da-ɗaya: wanne ya dace da karawar kulob biyu a wasan golf?

Assalamu alaikum. Kyaftin, ka ce wani kulob zai kawo muku ziyara ranar Asabar, mutum 12 daga kowane ɓangare, kuna son wasan rami-rami (wanda ake ƙirga ramukan da kowane ɓangare ya ci, ba jimillar bugu ba) irin na Kofin Ryder da ake yi tsakanin Amurka da Turai, sai dai yini ɗaya kacal gare ku, kuma handikaf ɗin mutanenka, wato lambar da ke nuna gwanintar ɗan wasa, mafi ƙanƙanta shi ne mafi gwaninta, ya kama daga 6 har 28. Ka tambaya ko fosam za ku yi ko fobol, da kuma yadda za a raba maki da bugun rangwame, wato bugun da ake rage wa mai rauni a lissafi domin a daidaita shi da gwani.

Ranka ya daɗe, shawarata ita ce ka ɗauke ido daga Kofin Ryder, ka duba Kofin Walker. Kofin Ryder na ƙwararru ne masu cin abinci da sanda, kwana uku suke yi, maki 28: fosam 8, fobol 8, ɗaya-da-ɗaya 12. Kofin Walker kuwa na 'yan sha'awa ne irinmu, tsakanin Amurka da haɗakar Birtaniya da Ailan, tun 1922. Mutum 10 ne kowane ɓangare, kwana biyu, kullum fosam 4 da safe, da rana a shiga ɗaya-da-ɗaya, 8 ranar farko, 10 ranar ta biyu, jimilla maki 26. Babu fobol a ciki ko ɗaya. Wannan tsarin na safe da rana shi ya fi kama da abin da yini ɗaya zai ɗauka. Bari in jera tsare-tsaren uku ka gani da kanka.

A fobol mutum huɗu ne, ƙwallo huɗu. Kowa ya buga tasa daga wurin bugun farko har rami, a ɗauki sakamakon wanda ya fi kyau a kowane ɓangare a gwada. A fosam mutum huɗu ne, ƙwallo biyu. Kai da abokinka ƙwallo ɗaya gare ku, ka buga ya buga, ka buga ya buga, har ta faɗa. Ɗayanku shi ke buɗe ramuka na 1, 3, 5 har 17, ɗayan kuma na 2, 4, 6 har 18, ko da wane ne ya jefa ƙwallo a ramin da ya wuce. Bambancin ke nan a takarda. A fili kuwa wasanni ne biyu da ba su haɗa hanya ba.

Fobol wasa ne mai rufin asiri. Mai handikaf 26 ya jefa ƙwallonsa a daji, ya ɗauke ta ya saka aljihu, abokinsa ya riƙe ramin, babu wanda ya ji kunya. Shi ya sa kulob-kulob suka fi son sa, kuma ban ga laifinsu ba: kowa ya biya kuɗin shiga, kowa yana son ya buga tasa ƙwallon. Amma ka lura da abin da ke faruwa idan ka haɗa mai 6 da mai 28. Galibin ramuka mai 6 ne ke wasa, ɗayan rakiya yake yi, sai a ramuka uku ko huɗu da bugun rangwamensa ya yi masa rana. A ƙarshe an ci maki, amma a zuciyarsa ya san ba da guminsa aka ci ba. Na sha ganin dattijo ya gama irin wannan wasa ɓangarensu ya yi nasara, shi kuwa bai ma san ramuka nawa suke gaba ba tun daga rami na 10.

Fosam ba ya barin kowa ya zama ɗan rakiya. Rabin bugun da ɓangarenku zai yi a hannun mai rauni yake, ko ana so ko ba a so. Idan ya jefa ta cikin ramin yashi, gwanin ne zai fito da ita. Idan gwanin ya bar ta taku biyu daga rami, mai raunin ne zai tsaya a kanta kowa yana kallo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a duk tsare-tsaren golf nan ne kaɗai maganar ta tabbata bugu bayan bugu. Wannan nauyin shi ne daɗinsa, shi ne kuma zafinsa. Ko manya ba su tsira ba: a Kofin Ryder na 2023 a Italiya, Scottie Scheffler, na ɗaya a duniya a lokacin, tare da Brooks Koepka, sun sha kashi a fosam hannun Viktor Hovland da Ludvig Åberg da ramuka 9 saura 7 a gama, wato wasan ya ƙare a rami na 11. Mutum biyu gwanaye ba lallai su zama ɓangare mai kyau ba. Wanda ya kamata ka nema shi ne mai haƙuri, wanda abokinsa zai ɓata bugu ya wuce ba tare da ya ɗaure fuska ba.

Ga kuma maganar lokaci, wadda a wurinku ita ce babba. Ƙwallo huɗu a rami 18, da neman ɓatacciya na minti uku-uku, da wuya a gama ƙasa da awa huɗu, sau da yawa ma ya zarce. Fosam ƙwallo biyu ne, kuma idan mutane sun gane shi, wanda ba shi ke buɗe ramin ba yana wucewa gaba ya jira inda ƙwallo za ta sauka, sai ka ga an gama cikin kamar awa uku. Idan kuka yi fobol da safe, kun cinye yinin, babu sauran ƙarfi ko rana da za a yi ɗaya-da-ɗaya.

Dokokin da ke kama mutane ma sun bambanta, kuma gara a karanta su gaban kowa kafin a fita. A fosam bugun da aka ƙara muku a matsayin hukunci ba ya sauya layin wanda zai buga. Ka buga ta fita iyaka, abokinka ne zai sake bugawa daga wurin, ba kai ba, haka ma ƙwallon wucin-gadi, wadda ake bugawa in ana zaton ta farko ta ɓace, shi zai buga. Wanda ya buga alhali layin abokinsa ne, ɓangarensu ya rasa ramin nan take. A fobol kuwa ɓangare yana da 'yancin zaɓen wanda zai fara bugawa a cikinsu idan layinsu ya zo, don haka na kusa da rami yana iya fara jefa tasa domin abokinsa ya sami sukunin kai hari. Sai dai idan abokan hamayya sun riga sun yafe maka bugunka, kada ka buga domin ka nuna wa abokinka hanya. In ka yi, sakamakonsa a wannan ramin ba zai shiga lissafi ba. Akwai kuma batun makara da rashin zuwa: a fobol mutum ɗaya yana iya tsaya wa ɓangarensa shi kaɗai har abokinsa ya iso, a fosam ba shi yiwuwa. To in ka san akwai masu zuwa a makare a cikin mutanenka, ka tanadi mutum ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana.

Bugun rangwame shi ne inda gardama ta fi yawa, alhali tsarin handikaf na duniya da aka fara aiki da shi a 2020 ya ba da shawarar kaso ga kowane tsari. Ɗauki misali: ɓangarenka 8 da 20, nasu 14 da 24. A fosam ka haɗa naku 28, nasu 38, bambanci 10, a ba su rabi, wato bugu 5, a ramukan da katin fili ya nuna su ne 1 zuwa 5 a wahala. A fobol mai 8 ya koma sifiri, sauran ukun su karɓi kashi 90 cikin 100 na tazarar da ke tsakaninsu da shi: mai 14 ya sami 5, mai 20 ya sami 11, mai 24 ya sami 14. Ka ga ko abokinsa ma yana karɓa. A ɗaya-da-ɗaya cikakken bambanci ake bayarwa, mai 8 ya ba mai 14 bugu 6. Lissafin fosam ya fi sauƙin riƙewa a kai, lamba ɗaya ce ga ɓangare. Na fobol sai an ɗiga wa kowa alama a kati, in ba haka ba a rami na 13 za ka ji ana musu kan wa ke da bugu.

In kana tsoron fosam zai yi wa masu rauni tsauri, akwai girinsam: ku biyun ku buɗe ramin, ku zaɓi ƙwallon da ta fi, wanda ba tasa aka zaɓa ba ya yi bugu na biyu, daga nan a ci gaba da karɓa-karɓa. Rangwamensa kashi 60 na ƙaramin handikaf da kashi 40 na babba. Yana cire fargabar bugun farko, amma yana ɗan ƙara lokaci.

Ɗaya-da-ɗaya ba ya buƙatar dogon bayani. Kai da abokin karawarka, babu mai ceton wani. Abin da ake mantawa shi ne ɗan ƙungiyarku ba shi da ikon ba ka shawara a lokacin, sai kadinka, wato mai ɗaukar maka sanduna, ko kuma wanda kwamitin gasa ya amince tun farko a matsayin mai ba ƙungiya shawara, wanda yawanci kyaftin ne. Saboda haka ku rubuta sunan wannan mutum, kada wanda ya gama wasansa ya zo ya tsaya yana karanta wa wani hanyar ƙwallo.

Abin da ya haɗa duka ukun, kuma shi na fi so ka tsaya a kansa a jawabin safe, shi ne yafe bugu. A wasan rami-rami kana iya ce wa abokin hamayya ya ɗauki ƙwallonsa, ka yafe masa bugun, ko ramin, ko wasan gaba ɗaya. Da zarar ka furta, ba ka janyewa, shi ma ba ya ƙi. Amma fa sai an furta a fili. A Kofin Solheim, gasar mata tsakanin Amurka da Turai, na 2015 a Jamus, Alison Lee ta Amurka ta ɗauki ƙwallonta a rami na 17 bisa zaton an yafe mata, ɓangaren Turai suka ce ba su yafe ba, ramin ya tafi, aka tashi da hawaye da ɓacin rai. Ka gwada wannan da 1969 a filin Royal Birkdale na Ingila, inda Jack Nicklaus ya yafe wa Tony Jacklin ɗan gajeren bugun ƙarshe, Kofin Ryder ya tashi 16 da 16. Doka ɗaya ce ta haifar da duka biyun. Ku da baƙinku za ku ci abinci tare bayan wasa, don haka ka gaya wa mutanenka: wanda zai yafe ya ɗaga murya, wanda bai ji da kunnensa ba ya tambaya kafin ya sunkuya. Idan kuma saɓani ya taso babu alƙalin wasa a kusa, 'yan wasan suna iya daidaitawa tsakaninsu. Wanda bai gamsu ba sai ya faɗa cewa zai kai wa kwamiti, kuma ya faɗa kafin wani ya buɗe rami na gaba. Bayan nan bakin alƙalami ya bushe.

To ga abin da zan yi in ni ne kai. Fosam 6 da safe a kan ramuka 9, a fita da ƙarfe bakwai, kowane ɓangare ya karɓi rabin rangwamen da zai samu a 18. A huta, a ci abinci, sannan ɗaya-da-ɗaya 12 a kan ramuka 18, a tsara fitar yadda za a yi azahar kafin a shiga kuma na ƙarshe ya shigo kafin magariba. Rami 27 ke nan. Ban ba da shawarar 36 ba, domin zafinmu ba irin na Sikotlan ba ne, kuma akwai dattawa a cikinku. Maki 18: nasara maki ɗaya, kunnen doki rabi-rabi, wanda ya fara kai 9½ ya ɗauki kofi. Kada a ci gaba da wasa bayan rami na ƙarshe domin raba gardama. Rabin maki yana da darajarsa.

Wajen haɗa mutane a fosam, ka ɗauki katin filinku ka duba gajerun ramuka a wane layi suka fi faɗowa, na 1, 3, 5 ko na 2, 4, 6, ka ba mai saitin hannu wannan layin. Kada ka haɗa manyan gwanayenka biyu wuri ɗaya, tunda rangwame zai cinye ribar. Ka raba su su ɗauki na tsakiya. Jerin sunaye kuwa kowane kyaftin ya rubuta nasa a ɓoye a haɗa, kamar yadda ake yi a Kofin Ryder, ya fi zaman zaɓe ɗaya bayan ɗaya saurin gamawa.

Abu biyu ku sa hannu a kansu kai da kyaftin ɗinsu tun daren Juma'a. Na farko, me zai faru in aka tashi 9 da 9. A manyan gasa mai riƙe da kofi ne ke ci gaba da riƙewa, amma tunda wannan ne karonku na farko, ku yarda a raba shi, kowane kulob wata shida. Na biyu, wanda ya ji rauni tsakanin safe da rana. A Kofin Ryder na 2025 a filin Bethpage na Amurka, ciwon wuya ya hana Hovland na ɓangaren Turai fita ranar ƙarshe, aka buɗe ambulan ɗin da kyaftin ɗin Amurka ya ajiye sunan Harris English a ciki, shi ma bai buga ba, aka ba kowane ɓangare rabin maki. Mutane da dama sun yi ƙorafi, amma an amince da dokar tun kafin a fara, shi ya sa ta zauna. Ku ma kowane kyaftin ya rubuta suna ɗaya ya rufe ya miƙa wa sakataren gasa kafin a fita da safe.