Maganin ɗaukewar al'ada: barci ya dawo, jini ma ya biyo shi

Shekarata 53, al'ada ta ɗauke min shekara biyu ke nan. Abin da ya kai ni wurin lokotoron mata shi ne zafin nan da ke tasowa daga ƙirji ya hau fuska, da gumin dare. Duk wadda ta kwana a Yamai cikin watan Afrilu an ɗauke wuta ta san abin da nake nufi. Ya rubuta min abu biyu: man estradiyol na shafawa a hannu kowace safiya, da ƙwayar furojesteron miligiram 100 in za a kwanta. Ban cika mako uku ba na fara barci har kiran asalatu. Maigida ma ya ce faɗa ya ragu a gidan. Don daɗin da na ji, har ƙawayena biyu na tura wurinsa.

A wata na takwas ƙwayar ta yanke a gari. Farmasi huɗu na zaga, tun daga Wadata har Filato, babu. A ta ƙarshen yarinyar da ke sayarwa ta ce, "Hajiya, ki ci gaba da shafa man, in ta iso sai ki haɗa." Na bi maganarta, kusan wata biyu man kaɗai nake shafawa.

Ranar sunan jikar yayata a Bukoki abin ya same ni. Farar shaddata ta Sallah na sa. Muna zaune kan tabarma ana rabon goro, na miƙe zan gaisa da surukai, sai ƴar ƙanwata ta matso ta raɗa min, "Tanti, koma ki zauna." Ta cire mayafinta ta ɗaura min a ƙugu. Ni da na yi sallama da audugar mata, har ragowar da ke akwatina na rabar wa yara! Da mayafin yarinya na shiga taksi. Kunyar da sauƙi, tsoro ne ya hana ni runtsawa, don kowa ya san abin da ake faɗa kan jinin da ya dawo bayan ya ɗauke. Ga salla kuma, in yi ko in bari? Kwana biyar ina tambayar kaina haila ce ko jinin ciwo.

Da na koma ne lokotoron ya zauna ya yi min bayani. Estradiyol yana ƙara wa bangon mahaifa kauri, furojesteron ce ke taka masa birki. Mace mai mahaifa ba ta ɗaukar ɗaya ta bar ɗaya, in aka daɗe a haka kaurin na iya rikiɗa ya zama ciwon daji. Ya ce ɗigon jini a wata shida na farko ba abin tada hankali ba ne, amma wanda ya zo bayan nan dole a duba shi. Aka yi min ekografi, wato hoton mahaifa da na'ura, ta ƙasa, kaurin milimita 9, alhali ga mai irin maganina ana son kada ya wuce 4. Suka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji. Kwana goma sha biyu na jira, abinci ba ya wuce min wuya. Alhamdu lillahi ba daji ba ne, rashin ƙwayar ne ya jawo.

To, wannan bayanin na minti biyar, ina yake ranar farko? Ranar da ya rubuta takardar ko kai bai ɗaga sosai ba, sai "wannan safe, wannan dare". Kun dai san kuɗin ekografi da gwajin nama a kilinik, ban da shaddar da har yau tabon bai fita ba. Da farko na ce wannan magani ba shi da na biyu. Yanzu ba zan ce wa kowa ta fara ba sai ta tabbatar ƙwayar na samuwa, kuma an gaya mata amfanin kowanne. Ni dai ina kai, don na gwada bari na mako ɗaya gumin ya dawo, amma kwali biyu-biyu nake saye.

Jiya na kira ƙawayen nan biyu. Ɗayar ta ce ai ita tun watan farko ta ajiye ƙwayar, wai tana sa ta jiri, man kaɗai take shafawa. Gobe da safe zan raka ta.