Kaset ko faifan waje: wanne ya dace da ofishi a Garwa?

Kaset ɗin LTO, wato kaset na ajiye kwafin bayanan kwamfuta, ba shi da tsada, na'urar da ke karanta shi ce ke cinye sefa, kuma daga nan lissafi yake farawa. Wanda ajiyarsa ba ta wuce takardun ofis da lissafin shago ba, ya rabu da kaset. Ya sayi faifan waje guda 2, ya riƙa kwafewa da rsync, manhajar kwafe fayiloli, ɗaya a ofis ɗaya a gida.

Masu ɗaukar bidiyon biki da gidajen rediyo, su kam kaset zai biya su. LTO-6 na 2012 yana ɗaukar terabait 2.5, LTO-7 na 2015 terabait 6, LTO-8 kuwa 12. Kada babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Lissafin bayanan da aka matse ne, bidiyo da hoto kuwa sun riga sun matsu.

A ganina na'urar LTO-6 ta hannu ta wadatar da ƙaramin ofis, in dai an gwada ta a gabanka. Amma ka lura da gaba: na'urar LTO-7 tana karanta kaset ɗin 6 da na 5, ta LTO-8 kuwa ba ta komawa baya sai zuwa 7. Mai tarin kaset ɗin 6 da ya yi tsalle zuwa 8 zai zauna da kayan da ba ya iya buɗewa. Ka kuma tambaya ko akwai katin SAS, wanda ke haɗa na'urar da kwamfuta, da wayarsa a cikin cinikin, don yawancin na'urorin ba a jona su ta USB.

Ba sai ka sayi manhaja ba. A Linux, tar -cvf /dev/nst0 ke rubutawa, mt -f /dev/nst0 rewind ke mayar da kaset farko. Hattara da /dev/st0, ɗaya sunan na'urar a Linux: shi da kansa yake komawa farko bayan kowane aiki, sai rubutun yau ya hau kan na jiya.

Sai yanayinmu. Ajiya mai tsawo tana son abin da bai wuce digiri 25 ba, a Garwa da Marwa kuwa watan Afrilu kan haura 40. In babu ɗaki mai sanyi da ƙurar hunturu ba ta shiga, da batirin da zai riƙe na'urar in an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, to a fara sayen waɗannan. A haɗa da kaset ɗin wanke kan na'ura tun a odar farko, don kada a jira wani saƙo daga Duwala.