Bitamin E na asali ko na haɗi: wanne za ka saya?

Kwalabe biyu ne a gabanka, kowace an rubuta mata 400 IU (ma'aunin ƙarfin bitamin ke nan), ƙwayoyin ciki duk masu laushi ne launin zuma. Da ido ba za ka bambance su ba. Juya bayan kwalbar ka duba ƙananan rubutun. In ka ga d-alpha-tocopherol, na asali ne da aka tace daga man tsirrai, galibi na waken soya. In kuwa ka ga dl-alpha-tocopherol, haɗin masana'anta ne. Wannan ɗan harafin "l" shi ne duk maganar, kada babban rubutun gaban kwalba ya ɗauke maka hankali.

Mutane da yawa na zaton a hanji ake samun bambanci, alhali hanji bai san na asali ba bai san na haɗi ba. Bitamin E a cikin mai yake narkewa, don haka sai ruwan matsarmama ya gauraya shi da maiƙon abinci kafin ƙaramin hanji ya tsotse shi, kuma duka biyun hanya ɗaya suke bi. Tankaɗe da rairaya a hanta ake yin su. Akwai wani furotin a can mai suna alpha-TTP, aikinsa kamar na mai gadin ƙofa: yana duba siffar ƙwayar bitamin, wadda ta dace da shi ya mayar da ita cikin jini, wadda ba ta dace ba a farfasa ta a fitar. Na asali siffa ɗaya tak gare shi, ita ce kuma wadda furotin ya fi so. Na haɗi cakuda ne na siffofi 8 daidai wa daida. Ɗaya ce kawai ta yi daidai da ta asali, wasu uku suna samun wucewa, sauran huɗun jiki ba ya riƙe su. Rabi ke nan ya tafi a banza.

Shi ya sa lissafin IU ke ruɗarwa. IU ɗaya na asali miligiram 0.67 ne, na haɗi kuwa 0.45. Ke nan kwalbar farko tana ba ka miligiram 268 a kowace ƙwaya, ta biyu 180. In za ka kwatanta farashi, raba kuɗin da yawan miligiram ɗin da ke cikin kwalbar gaba ɗaya, ba da yawan ƙwayoyi ba. Sau da yawa na haɗin ne ke fitowa da araha ko bayan an cire masa rabin.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba: baligi miligiram 15 yake buƙata a rana, mai shayarwa 19. Wancan na haɗin da ake rainawa ya ninka buƙatar sau 12. Don haka ga mai lafiya, ƙaramar ƙwaya ta kowanne iri ta wadatar, in ma yana buƙatarta.

Kalmomin acetate ko succinate da ke biyo bayan sunan ba aibu ba ne. An ɗaure bitamin ɗin ne don kada iska ta lalata shi a ajiye, hanji kuma yana kwance ɗaurin kafin ya tsotsa. Wanda aka rubuta wa mixed tocopherols yana ɗauke da nau'in gamma da delta, waɗanda shan alpha zalla da yawa ke rage su a jini.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen sha. Mutum ya sayi mai tsadar, ya kora shi da ruwa da sassafe ciki babu komai, kaɗan ne zai shiga jikinsa. A sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo. Masu cutar da ke hana jiki tsotsar mai, irin su ciwon Crohn ko toshewar hanyar matsarmama, su ne masu ainihin buƙata, kuma likita kan rubuta musu nau'in da ke gauraya da ruwa. Maganin rage ƙiba na orlistat ma yana tare masa hanya, sai a raba lokutan shansu.

Yawansa yana tsinka jini, na asali ne ko na haɗi. Mai shan warfarin (maganin hana jini daskarewa) ko asfirin, ko wanda za a yi wa tiyata, kada ya fara sai da sanin likitansa. Amurka ta sa iyaka a miligiram 1,000 a rana, Tarayyar Turai ta tsaya a 300. A binciken SELECT da aka yi kan maza sama da 35,000, rahoton 2011 ya nuna masu shan 400 IU na haɗi kullum sun fi waɗanda ba su sha ba kamuwa da kansar furostet (wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) da kashi 17 cikin 100.

Ajiye kwalbar nesa da rana da zafi. Ƙwayoyin da suka manne da juna ko suke warin tsohon mai, a zubar da su.