Kamfanin da ya taya ni neman bizar karatu ta Jamus, tauraro uku na basu

'Yan uwa ɗalibai masu tambaya ko ya dace mutum ya biya irin kamfanonin nan masu haɗa wa mutane takardun biza idan ya samu gurbin musayar ɗalibai, ga yadda tawa ta kasance da waɗanda na yi aiki dasu lokacin da zan tafi Jamus zango ɗaya a ƙarƙashin Erasmus+, wato shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai. Duk ta intanet muka yi komai, ko ofis ɗinsu ban taɓa takawa ba.

Gaskiya wajen tsara takardu sun iya aiki, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba. Tun ranar farko matar da aka haɗa ni da ita ta fahimtar dani cewa tunda zamana zai wuce kwana 90 to ba bizar Schengen ta 'yan yawon buɗe ido zan nema ba, bizar dogon zama ce mai harafin D, kuɗinta yuro 75, sannan ta turo min jerin abubuwan da zan haɗa ɗaya bayan ɗaya har da girman hoton fasfo. Abin da ya fi burge ni shine da na tura mata takardar admishan ɗina sai ta kira ni da kanta tace in ɗauko fasfo in ajiye kusa da takardar in karanta sunan a hankali, ashe jami'ar can ta tsallake sunana na tsakiya, matar ce ta rubuta min ɗan saƙon da na aika musu suka gyara suka sake turowa. Wallahi da haka na shiga intabiyu Allah kaɗai ya san inda maganar zata tsaya. Wasiƙar bayanin dalilin tafiya ma ta duba min ita sosai, bata rubuta min ba, sai dai ta dinga cewa nan ka faɗi kwas ɗin da zaka ɗauka, nan ka nuna cewa jami'arka zaka dawo ka ƙarasa digirinka, kuma shawara ce mai kyau.

Inda suka gaza shine sam basu san bambancin ɗalibin musaya da wanda zai je cikakken digiri ba, duk hula ɗaya suke sa wa kowa. Jamus tana son ka nuna kana da abin riƙe kanka, tun watan Satumba 2024 lissafinsu yuro 992 ne a wata, wato 11,904 a shekara, kuma yawanci a wani asusu ake zubawa da ake kullewa wanda suke ce wa Sperrkonto, kowane wata a sakar maka rabonka. To mutanen nan sai suka dage wai sai na zuba na shekara guda cif, ni da zango ɗaya zan yi kuma ina da takardar tallafin Erasmus+ a hannu, hankalina ya tashi ba kaɗan ba don ban ga inda zan samo wannan kuɗin ba. Sai da na je ofishin kula da harkokin ƙasashen waje na jami'armu jami'in wajen ya zaunar dani da biro da takarda yace watannin da zaka zauna kawai ake lissafawa, takardar tallafin kuma ita ma shaida ce, ragowar giɓin ne kaɗai zaka cike. Kyauta fa ya min wannan bayanin.

Haka maganar yarjejeniyar kwasa-kwasai, wadda kai da jami'arka da jami'ar da zata karɓe ka duk sai kun sa hannu kafin ka tafi don a lissafa maka makin ECTS ɗinka (ma'aunin da jami'o'in Turai ke auna nauyin kwasa-kwasai da shi) idan ka dawo, 30 ne na cikakken zango, da na tambaye su sai suka ce wannan ba ɓangarensu bane, alhali ga ɗalibin musaya wannan takardar ita ce ƙashin bayan tafiyar gaba ɗaya.

Sai batun ranar intabiyu, a tallarsu zaka ɗauka suna da wata hanya ta musamman, babu, da hannuna na yi rajista a shafin ofishin jakadanci na jira layi kamar kowa. Ranar da biza ta fito kuma shikenan an gama dani, babu wanda ya ce min sai na yi rajistar adireshina cikin kwana 14 da shiga ɗaki, ko ya gaya min inshorar tafiya daban inshorar lafiyar da jami'a ke nema kafin ta yi maka rajista daban, duk a bakin ɗaliban da suka riga ni zuwa na ji.

Wanda bai taɓa neman biza ba kuma takardu na rikita shi zai amfana dasu. Amma ka fara zuwa ofishin jami'arku tukunna, kuma kafin ka biya ko sisi ka tambaye su kai tsaye ko sun taɓa yi wa ɗalibin musaya aiki, su faɗa maka yadda suke lissafin kuɗin asusun ga mai tallafi.